Yadda Ake Cin Okonomiyaki A Gidan Abinci A Japan, Daga Bakin Ƙofa Har Zuwa Biyan Kuɗi

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai waina da sassafe yana jiran ta kwashe ta ƙarshe daga tanda, ya riga ya san rabin abin da zai tarar a shagon okonomiyaki. Ƙullu ne, da wuta, da jira. Sai dai a Japan yawanci ba a can cikin kicin ake tuyar ba. A tsakiyar teburin da kake zaune akwai shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai zafi da suke kira teppan, a kansa ake yin komai kana kallo. A wasu shagunan ma kwanon ƙullun za a dire maka a gabanka, a kunna wuta, a tafi a bar ka da shi.

Sunan abincin kalmomi biyu ne. Okonomi na nufin abin da ranka yake so, yaki kuma gashi ko tuya a kan wuta. Ka riƙe wannan ma'anar da kyau, domin ita ce hujjarka a duk abin da zai biyo baya: abinci ne da aka gina a kan zaɓi, saboda haka ba rashin kunya ba ne ka ce a sa maka wannan, a cire wancan. Abin da Japanawa ba sa so shi ne ka bari sai an zuba ƙullu a kan ƙarfe sannan ka fara kawo sharuɗɗa.

Ainihin kayan haɗin ba su da yawa: garin fulawa, ƙwai, kabeji da aka yanka ƙanana, da wani romo mai suna dashi wanda ake dafawa da busasshen kifi da ganyen teku. Masu yin na ƙwarai suna goga wata irin doya mai suna nagaimo a ciki. Doyar tana da yauƙi kamar kuɓewa, ita ce take sa cikin wainar ya yi laushi maimakon ya dunƙule. Idan kana neman abin da za ka kwatanta shi da shi a gida, ka ɗauki wainar fulawa, ka ninka kaurinta sau huɗu ko biyar, ka cika ta da kabeji har ya fi ƙullun yawa. Ka kusa, amma ba ka iso ba.

Mataki na farko: san garin da kake

Okonomiyaki iri biyu ne manya, kuma mutanen garuruwan biyu ba sa wasa da bambancin.

A Osaka da yankinta na Kansai, gauraya komai ake yi a kwano ɗaya, a zuba a kan ƙarfe a toya. Shi ne wanda ya fi yaɗuwa a faɗin ƙasar, kuma shi ne wanda baƙo zai iya toyawa da kansa. Unguwar Dotonbori cike take da shagunansa. Shagon Mizuno, wanda ya faro tun 1945, yana can, kuma da wuya ka wuce ba ka ga layi a ƙofarsa ba. Akwai kuma Botejyu da ya fara a 1946, da Chibo, waɗanda yanzu suke da rassa a garuruwa da dama.

A Hiroshima ba a gaurayawa, jerawa ake yi hawa-hawa. Mai tuya zai shimfiɗa ƙullu siriri kamar takarda, ya ɗora tulin kabeji da za ka rantse ba zai taɓa dahuwa ba, ya ƙara tsiron wake da nama, ya kifa shi gaba ɗaya ya bar turiri ya yi aikinsa. A gefe yana soya taliya. Idan kabejin ya kwanta sai ya ɗaga wainar ya ɗora ta a kan taliyar, ya fasa ƙwai a kan ƙarfe, ya sake ɗora komai a kan ƙwan, ya juya. Wannan ba aikin ɗan koyo ba ne, shi ya sa a Hiroshima kusan ko'ina mai shago ne yake yi maka.

Akwai dalilin da ya sa abin ya shiga jinin mutanen garin. Bayan bam ɗin nukiliya da Amurka ta jefa musu ranar 6 ga Agustan 1945, shinkafa ta yi wuya, garin fulawa na agaji shi ne abin da ake samu. Daman kafin yaƙi akwai wata 'yar wainar yara mai arha da ake kira issen yoshoku, sai aka faɗaɗa ta da kabeji, daga baya da taliya, ta zama abincin da zai riƙe cikin babba. Mata da yawa da yaƙi ya raba da mazajensu sun buɗe ƙananan shaguna a gaban gidajensu da ita. Har yau za ka ga sunayen shaguna da yawa suna ƙarewa da "chan", kalmar da ake liƙa wa sunan wanda ake ƙauna, irin su Micchan wanda ya faro a 1950. Idan lokacinka kaɗan ne a garin, nufi Okonomimura a unguwar Shintenchi, bene ne mai ɗauke da rumfunan okonomiyaki sama da ashirin a hawa-hawa. Gargaɗi ɗaya: kada ka ce wa ɗan Hiroshima kana son "Hiroshima-yaki". A wurinsa nasu shi ne okonomiyaki kawai, ba ya buƙatar ƙarin suna.

Tokyo kuma tana da ɗan'uwansu mai ruwa-ruwa, monjayaki, wanda cibiyarsa ke unguwar Tsukishima. Ana cin sa da wani ɗan mitsitsin cokali mai faɗin baki, ana kankaro ƙanzonsa daga jikin ƙarfe. Yana da daɗi, amma kamanninsa ba sa jan ran baƙo. Ka bar shi sai zuwa na biyu.

Mataki na biyu: maganar alade, tun kafin ka zauna

A nan zan daɗe, domin ga yawancin masu karanta wannan, nan ne wurin da tafiyar take gyaruwa ko ta ɓaci.

Okonomiyakin da Bajapane yake nufi idan bai yi ƙarin bayani ba, na naman alade ne. A Osaka sunansa buta-tama, wato alade da ƙwai. A Hiroshima abin da kowa yake oda shi ne niku-tama-soba, nama da ƙwai da taliya, kuma naman nan na alade ne ko da ba a faɗa ba. Wanda aka rubuta wa "mikkusu", wato gauraye, shi ma kusan kullum da alade a ciki. Ka haddace wannan harafin: 豚. Kusan duk inda ka gan shi a takardar abinci, alade ne.

Cire yankan naman shi ne mai sauƙi. Sai ka ce: "Butaniku nuki de onegaishimasu", ma'ana don Allah ban da naman alade. Ko ka zaɓi na kayan teku kai tsaye: ebi-tama na jatan lande ne, ika-tama kuma na wata dabbar teku ce mai laushin jiki da hannaye da yawa, namanta fari mai ɗan tauri. Mu da muka taso a mazhabar Malikiyya ba mu da matsala da abin da ya fito daga teku, wannan kam sauƙi ne. Akwai kuma na cuku da na mochi, wato dunƙulen shinkafa mai danƙo.

Wahalar tana cikin abubuwan da ido ba ya gani, kuma guda uku ne.

Na farko shi ne man da ake shafa wa ƙarfen. Wasu shagunan man girki suke amfani da shi, wasu kuma kitsen alade, musamman wajen soya taliya a salon Hiroshima. Sunan kitsen rado. Tambayar ita ce: "Rado o tsukatte imasu ka?"

Na biyu shi ne baƙar miyar nan mai kauri da zaƙi da ake shafawa a sama, wadda ita ce rabin ɗanɗanon abincin. Wadda ta fi shahara ta kamfanin Otafuku ce na Hiroshima, wanda ya fara sayar da ita a 1952. Abin mamaki, cikin abubuwan da suke ba ta zaƙi akwai dabino, irin dai wanda muke buɗa-baki da shi. Amma wadda ake sayarwa a kasuwar Japan ta yau da kullum tana ɗauke da ruwan nama da ya haɗa da na alade, da kuma ɗan sinadarin barasa, duk a rubuce a bayan robar. Kamfanin yana da masana'anta a Malesiya da take yin mai shaidar halal, kuma irinta shagunan da suke karɓar Musulmi suke nema. Idan ba ka samu tabbaci ba, ka ce "sosu nashi de", ban da miyar, ka ci da gishiri da mayonis. Ba zan yi maka ƙarya ba, ɗanɗanon zai ragu. Amma zaƙin kabejin da ya turara yana fitowa sosai idan babu abin da ya rufe shi, har akwai Japanawan da suke cin rabin nasu a haka da gangan.

Na uku shi ne ƙarfen kansa. A shagon da mai tuya yake aiki a kan dogon ƙarfe guda ɗaya, wainarka da ta maƙwabcinka mai alade tazarar taku ɗaya ce tsakaninsu, kuma cebur ɗaya ne yake juya su. A shagon da kowane tebur yake da nasa ƙarfen, an goge shi bayan waɗanda suka tashi, amma dai an toya alade a kansa ɗazu. Ko goge wannan ya wadatar, hukunci ne da ya kamata ka warware da malaminka tun kana gida, ba a bakin ƙofar shago da yunwa a cikinka ba. Wanda yake son kwanciyar rai gaba ɗaya, ya nemi shagunan da suka keɓe kayan aiki don Musulmi. Akwai su a Osaka da Tokyo da Hiroshima, sai dai ba su da yawa, kuma suna buɗewa suna rufewa, don haka ka duba a intanet a ranar, ko ka tambayi masu kula da masallacin garin.

Shawarata ita ce ka rubuta waɗannan tambayoyin da Japananci a wayarka, ka nuna wa wanda ya tarbe ka tun a ƙofa. Idan ya ja numfashi ta haƙora ya ce "chotto muzukashii desu", wato da ɗan wuya, to a'a ce ya faɗa maka cikin ladabi. Ba ciniki ba ne, kada ka tsaya roƙo. Yi godiya ka nemi wani shagon. Ni na taɓa yin gardamar nan a wata 'yar rumfa, ina ganin kamar idan na ƙara bayani tsohuwar za ta sauko. Ta yi ta sunkuyar da kai tana ba ni haƙuri har kunya ta kama ni, na fita ban ci ba, kuma ita ce da gaskiya: ƙarfe ɗaya gare ta, ba ta so ta yi mini alkawarin da ba za ta iya cikawa ba.

Mai rashin jituwa da wani abinci shi ma a nan zai yi magana. Akwai alkama da ƙwai a kowane okonomiyaki, kuma ɓarɓashin soyayyen ƙullun da ake zubawa a ciki, tenkasu, wani lokaci yana da jatan lande.

Mataki na uku: shiga da zama

Ƙaramin labule da aka tsaga a saman ƙofa, noren, idan yana rataye to an buɗe. Ƙananan shaguna da yawa suna rufewa tsakanin abincin rana da na dare, wajen ƙarfe biyu ko uku zuwa biyar, kuma suna daina karɓar oda kafin lokacin tashi. Idan akwai layi, duba ko an ajiye takardar rubuta suna a bakin ƙofa.

Kana shiga za a ɗaga murya a ce "irasshaimase". Maraba ce, ba a amsa ta, ɗan sunkuyar da kai ya isa. Nuna yawanku da yatsu, ka jira a nuna maka wuri. Idan wurin zaman ɗagagge ne mai shimfiɗar tabarma, cire takalmi. Za a kawo ruwan sha kyauta da jiƙaƙƙen tawul na goge hannu.

In an ba ka zaɓi kuma kai kaɗai ne ko ku biyu, zauna a kujerun dogon teburin da ke gaban mai tuya. Nan ne kallo yake. Ka lura da gefen ƙarfen dai, zafinsa ba wasa ba ne: kada ka ɗora waya ko gwiwar hannu a kai, mai babbar riga ya naɗe hannunta, mai mayafi ta tattare shi baya. In da yara, a sa su a ɓangaren da ya fi nisa da wuta.

Mataki na huɗu: oda

Kira ma'aikaci da "sumimasen". Waina ɗaya tana ƙosar da mutum ɗaya, ta Hiroshima ma da taliyarta takan fi ƙarfin wasu. Farashi yakan kama daga wajen yen (kuɗin Japan) 800 zuwa 1,500, gwargwadon abin da ka ƙara a kai. Idan ku uku ne, ku yi odar kala biyu ku raba, in ba ta isa ba ku ƙara. Amma a ƙananan shaguna ana sa ran kowane mai zama ya yi odar wani abu, ko da abin sha ne.

A Hiroshima za a tambaye ka: soba ko udon? Soba a nan siririyar taliyar alkama ce mai launin ɗorawa, udon kuma mai kauri ce fara. Ɗauki soba, ita ce take yin ƙanzo mai daɗi. A Osaka in kana son taliya a ciki, sunan wannan modan-yaki. Kuma kada ka yi mamaki in ka ga ɗan Osaka yana cin okonomiyakinsa da kwanon shinkafa a gefe. Mutanen Tokyo suna yi musu dariya a kan haka, amma mu da muke haɗa taliya da doya a faranti ɗaya ba mu da bakin magana.

Abin sha marar barasa da ya fi dacewa da maiƙon abincin shi ne uron-cha, baƙin shayi mai sanyi marar sukari. Ka kiyayi duk abin da sunansa ya ƙare da "hai" ko "sawa", giya ce a ciki ko da ya yi kama da lemo.

Mataki na biyar: idan kai ne mai tuya

An kawo maka kwano cike da kabeji, ƙwai a sama, ƙullu a ƙasa, da ƙananan cebur biyu na ƙarfe. Cebur ɗin nan a Osaka kote ko teko suke ce masa, a Hiroshima hera. In ka ji tsoro, babu abin kunya, ka ce "yaite moraemasu ka?", za a zo a toya maka. In kuma za ka gwada, ga yadda ake yi.

Shafa mai a kan ƙarfen, ka baza shi. Ka fasa ƙwan a cikin kwanon, ka riƙa ɗebo ƙullun daga ƙasa kana juyo shi sama, kamar mai son shigar da iska ciki. Da zarar komai ya haɗu, tsaya. Wannan ba ƙullun ƙosai ba ne da ake bugawa har hannu ya gaji. In ka cika juyawa, kabejin zai saki ruwa, fulawar ta yi danƙo, wainar ta fito da nauyi.

Juye shi a kan ƙarfe a dunƙule, ka tattara gefen da cebur ya zama da'ira mai faɗin tafin hannu buɗaɗɗe, kaurinsa kamar santimita biyu. Kowane sabon shiga yana son ya baza shi ya yi faɗi. Kada ka yi, mai faɗi ba ya juyuwa.

Sai jira. Minti huɗu ko kusa da haka, har gefen ya fara bushewa, ƙasan ya yi ja idan ka ɗan leƙa. Zura cebur ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, har su shiga can ƙarƙashi, sannan ka kifa shi ta wajenka a motsi ɗaya. Mai jinkiri a tsakiyar juyi shi ne yake watsar da kabeji. In ya watse ɗin ma, tattaro shi ka mayar, miya za ta rufe asirinka.

Yanzu ga dokar da ta fi kowacce: kada ka danna. Hannunka zai yi ta ƙaiƙayin ka latsa shi da cebur don ya yi saurin dahuwa. In ka latsa, ka kore iskar da ka wahala wajen shigarwa, ka mayar da shi kamar gurasar jiya. Bar shi minti huɗu zuwa biyar, ka sake juyawa, ka ba shi wasu biyu ko uku. Soka bakin cebur a tsakiya. In bai fito da ɗanyen ƙullu ba, ya yi. Gaba ɗaya kusan kwata ɗin awa ne. A salon Hiroshima za ka ga wasu masu tuya suna dannawa a ƙarshe, wannan nasu ne, sun san lokacin da kabejin ya gama turara.

Rage wutar, ko ka roƙi a rage maka. Sannan kwalliya, bi da bi: miyar da ka yarda da ita, mayonis, koren garin ganyen teku mai suna aonori, sai a ƙarshe katsuobushi, busasshen kifi da aka fere siriri kamar ɓawon albasa. Yana sauka a kan zafi zai fara motsi yana lanƙwasa kamar mai rai. Turiri ne kawai yake kaɗa shi, amma na ga babban mutum ya ja kujera baya saboda shi.

Mataki na shida: ci

Japanawa suna cewa "itadakimasu" kafin su fara, kai ka yi bisimillarka. Ana barin wainar a kan ƙarfe don kada ta huce, ana yanka kaɗan-kaɗan da cebur. Mutanen Osaka suna yanka ta murabba'i-murabba'i, a Tokyo kuma an fi yanka ta daga tsakiya kamar kankana. 'Yan gari da yawa, musamman a Hiroshima, daga kan ƙaramin cebur ɗin suke kaiwa baki kai tsaye. In za ka kwaikwaye su, yanki ƙaramar loma, ka hura, ka ɗauke ta da haƙora ba tare da leɓenka ya taɓa ƙarfen ba. In ba haka ba ga ƙaramin faranti da tsinkayen cin abinci, babu mai kallon ka. Abu biyu kawai ake ƙi da tsinkayen: soka su a tsaye cikin shinkafa, da miƙa wa wani abinci daga tsinke zuwa tsinke, domin duka biyun al'adun jana'iza ne a wurinsu.

Lomar farko tana ƙona baki, kowa ya san haka, kuma kowa yana sake faɗawa tarkon.

Mataki na bakwai: lissafi

In akwai mutane a layi a waje, ba a zaman hira bayan an gama. Ɗauki takardar lissafin da aka ajiye a teburinka ka kai wurin biya kusa da ƙofa, ko ka ce "okaikei onegaishimasu". Harajin cin abinci a cikin shago kashi 10 ne cikin ɗari tun Oktoban 2019, wasu suna haɗa shi cikin farashin da suka rubuta, wasu suna nuna farashi biyu. Ka riƙe tsabar kuɗi, ƙananan shaguna da yawa ba sa karɓar kati. Kuɗin a ɗan farantin da ke kan kanta ake ajiyewa, ba a hannun mutum ba. Ba a ba da tukwici. In ka bar canji a tebur, za a iya biyo ka da shi har titi a zaton mantuwa ka yi.

Wajen fita ka dubi mai tuya ka ce "gochisosama deshita", godiya ce a kan abincin. Kafin ka shiga jirgin ƙasa ka duba haƙoranka a madubin waya, koren garin nan yana maƙalewa. Rigarka kuwa za ta yi warin hayaƙi da soyayyen kabeji har washegari, don haka in kana da taro da yamma, ba ranar sa sabuwar shadda ba ce.